Tambayoyi da amsoshi kan tsara madogara da manazarta ga mai aika muƙala mujallar ilimi

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Ni malami ne a fannin ilimi a nan Gusau, kuma na daɗe cikin masu duba muƙalu kafin a kai su wurin bugu, to duk sanda aka buɗe karɓar muƙalu ko lokacin neman ƙarin girma ya matso sai waya ta hana ni sakat, wanga ya kira daga Maru, wancan daga Talatar Mafara ko Ƙauran Namoda, har abokan aiki na Argungu da Birnin Kebbi, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga mutum ya sha rana ya zaga makarantun ƙauye ya yi bincike mai kyau, amma a maido masa da aikinsa saboda shafi biyun ƙarshe.

Wai mene ne bambancin madogara da manazarta, ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, amma Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Madogara ita ce 'yar gajeriyar alamar da kake sawa a cikin rubutu daidai wurin da ka ɗauko maganar wani, sunan marubuci da shekara, misali (Fafunwa, 1974). Manazarta kuma jerin nan ne na ƙarshen muƙala inda kake ba da cikakken bayanin kowane aiki: wa ya rubuta, yaushe, mene ne sunan aikin, a ina za a same shi. Yadda nake gaya wa ɗalibaina, madogara kamar ka ce wa baƙo "gidan Malam wane" ne, manazarta ita ce kwatancen, unguwa kaza, layi kaza, ƙofa mai kallon gabas. In kwatancen bai kai mutum gidan ba to bai yi amfani ba.

Akwai abu na uku da ke rikita mutane, wato jerin duk littattafan da ka karanta ko da ba ka ambace su a ciki ba. Yawancin mujallun ilimi ba shi suke so ba, abin da ka ambata kawai suke so. Duk sunan da ke cikin rubutu ya fito a ƙarshe, duk wanda ke ƙarshe a same shi a ciki, in ban da abin da zan faɗa a amsar tambayar hira da ta aikin da ba ka ga asalinsa ba.

Wane salo zan bi, APA ko MLA ko Harvard?

Wanda mujallar ta ce. Kafin ka rubuta komai nemi takardar ƙa'idojinsu ta masu aiko da muƙala ka karanta ta har ƙarshe, sannan ka samu fitowarsu ta baya-bayan nan ka ga yadda aka tsara manazartar muƙala biyu ko uku. A fannin ilimi dai mafi yawa APA ake bi, salon ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda ya faro tun 1929 da wata gajeriyar muƙala ta ƙa'idojin rubutu, ya zo ya zama littafi guda. MLA ta masu adabi da harshe ce, Chicago masu tarihi suka fi riƙe ta saboda bayanan ƙasan shafi, ita kuwa Harvard ba ta da littafin ƙa'ida guda ɗaya da kowa ya yarda da shi, kowace jami'a da irin tata. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan APA bugu na 7 na gina su. In ƙa'idar mujalla ta saɓa da abin da na faɗa, bi ta mujallar, su ne masu gida.

An ce mini in mayar da aikina daga bugu na 6 zuwa na 7, me ya canza?

Bugu na 6 ya fito a 2009, na 7 kuma a ƙarshen 2019, kuma da yawanmu da na 6 muka rubuta kundin digirinmu shi ya sa hannu ya saba. Manyan canje-canjen da za ka ci karo da su ga su. An daina sa garin da aka buga littafi, ba sauran "London:" ko "Ibadan:" kafin sunan maɗaba'a. Aikin da ke da marubuta uku ko fiye tun ambaton farko ake taƙaita shi. A manazarta ana jera marubuta har 20, a da kuwa bakwai ne iyaka. DOI, wato lambar dindindin da ake ba muƙala, ya koma siffar adireshin intanet, kuma an daina rubuta Retrieved from gaban kowane adireshi sai ga shafin da bayanansa ke canzawa kullum. Littattafan addini ma yanzu suna shiga manazarta, duba amsar tambayar Alƙur'ani da hadisi a ƙasa.

Babban abin da nake roƙo shi ne kada a gauraya. Sai ka ga rabin jerin da sunan gari, rabi babu, nan take mai dubawa zai gane cewa daga wurare daban-daban aka kwafo su.

Yaya ake sa madogara a cikin jimla?

Hanya biyu ce. Ko dai sunan marubucin ya zama cikin maganarka, shekara kaɗai ta shiga baka biyu, kamar ka ce Krejcie da Morgan (1970) sun kawo jadawalin fitar da samfur, wato yawan mutanen da za a zaɓa a yi bincike a kansu, ko kuma ka gama maganarka ka sa suna da shekara duka a baka a ƙarshe, (Krejcie & Morgan, 1970). Lura da alamar & ɗin nan, a cikin baka kawai take zama, a cikin jimla kalma ake rubutawa. Aya kuma bayan baka take zuwa ba gabanta ba, wannan ƙaramin kuskure ina gyara shi kusan a kowace muƙala.

In ka ɗauko maganar mutum kalma da kalma dole ka sa alamar zance da lambar shafi, (Fafunwa, 1974, p. 20), in shafukan sun wuce ɗaya pp. ake sawa. In kuwa da bakinka ka faɗi ma'anar, shafi ba dole ba ne amma alheri ne ga mai karatu musamman in littafin mai kauri ne. Idan ayyuka da yawa suka goyi bayan magana ɗaya, jera su a baka guda bisa tsarin abacada na sunaye, ka raba su da waƙafi mai ruwa, ba bisa shekara ba.

Marubutan sun kai uku ko fiye, duk zan rubuta su?

A cikin rubutu a'a, sunan na farko kawai sai et al. da shekara, misali (Cohen et al., 2018) ga littafin dabarun binciken ilimi na Cohen da Manion da Morrison. Kalmar Latin ce, ma'anarta "da wasu", kuma aya bayan al take, et ba ta da aya. A manazarta kuwa kowa sai an rubuta shi har zuwa mutum 20, in sun kai 21 ka rubuta 19 na farko, ɗige uku, sai na ƙarshe. Kada ka taɓa sauya jerin sunayen don ka bi abacada ko don wani ya fi girman muƙami, yadda suka zo a kan aikin haka za su zauna.

Sunayenmu na Hausa fa, wanne ne zan ɗauka a matsayin sunan ƙarshe?

Wagga tambaya ta fi kowace wahala don tsarin ba da irin sunayenmu aka gina shi ba. Bature yana da sunan dangi guda da ake gado, mu kuwa sunan mutum ne, sai na mahaifi, wani lokaci na kaka, sau da yawa kuma sunan gari a ƙarshe, Gusau, Bunguɗu, Anka, Jega, Yauri, Zuru. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: duba yadda marubucin ya rubuta sunansa a kan wannan aikin da ke hannunka, sunan da ya zo ƙarshe shi za ka juyo gaba, sauran su zama baƙaƙen farko. In sunan gari ne ƙarshe to sunan garin ne, ba ruwanka da cewa ka san sunan mahaifinsa. In ya haɗa sunaye biyu da karan ɗori bar su a haɗe. Laƙabi kuma ba ya shiga, ba Alhaji, ba Malam, ba Dakta ko Farfesa, kuma wannan ba rashin ladabi ba ne, ko shugaban sashenka ne haka za ka rubuta shi.

Sai matsalar yawan Muhammad da Abubakar da Usman. In marubuta biyu daban suna da sunan ƙarshe ɗaya, sa baƙaƙen farkonsu a madogara ta cikin rubutu ko da shekarun sun bambanta, don mai karatu ya san wane Abubakar ake nufi. Kuma kada ka gyara wa mutum rubutun sunansa, in shi Mohammed ya rubuta kada ka mayar da shi Muhammad, mai neman aikin a intanet ba zai same shi ba.

Ga shawara ta musamman ga matasan malamai, maza da mata: tun muƙalarka ta farko zaɓi siffa ɗaya ta sunanka ka tsaya a kai. Na san wanda ayyukansa suka rarrabu gida uku, wani da sunan gari, wani da sunan mahaifi, wani da baƙaƙe kawai, da lokacin ƙarin girma ya zo sai da ya sha wahalar tabbatar da cewa duk shi ne. Buɗe lambar ORCID, wato lambar shaida ta marubuci a intanet, kyauta ce, tana haɗa maka ayyukanka wuri guda.

Yaya ake rubuta littafi, da kuma babi a cikin littafin da wasu suka tace?

Littafi abu huɗu ne: marubuci, shekara, suna, maɗaba'a. Ga misali: Fafunwa, A. B. (1974). *History of education in Nigeria*. George Allen & Unwin. Sunan littafin da rubutun tsutsa yake, kuma babban baƙi a kalmar farko kawai da sunaye irin Nigeria, da kalmar da ta biyo bayan ruwa biyu. In ba bugun farko ba ne, lambar bugun na shiga baka bayan sunan littafin, ba da rubutun tsutsa ba.

Babi kuwa wanda ya rubuta babin shi ne marubuci, ba editan littafin ba, nan mutane ke zalunci ba da sani ba, su ba edita ladan aikin wani. Ka fara da mai babin da shekara da sunan babin a rubutu miƙaƙƙe, sai kalmar In, sai sunayen editoci amma su baƙaƙen farko ke gaba, da Ed. ko Eds. a baka, sai sunan littafin da rubutun tsutsa, shafukan babin a baka, sai maɗaba'a.

Muƙalar mujalla fa?

Misali ya fi dogon bayani: Shulman, L. S. (1986). Those who understand: Knowledge growth in teaching. *Educational Researcher*, *15*(2), 4–14. Dubi abin da ya kwanta da wanda bai kwanta ba. Sunan muƙalar miƙe yake, ba alamar zance. Sunan mujallar da lambar kundi, wato 15, su ne da rubutun tsutsa, kuma manyan kalmomin sunan mujalla duk da babban baƙi suke farawa. Lambar fitowa, 2 ɗin nan, tana manne da 15 ba tazara, kuma ita a miƙe take. Ba a rubuta Vol. ko No. ko pp. a nan. Bayan shafuka sai DOI in akwai, ga bayaninsa a tambaya ta gaba.

Mene ne DOI, kuma in muƙala ba ta da shi fa?

Lamba ce ta dindindin da ake ba muƙala ko littafi, ko shafin mujallar ya tashi ya koma wani wuri lambar za ta kai ka inda aikin yake. Kullum da 10 da aya take farawa, kuma ana rubuta ta bayan https://doi.org/ ba tare da aya a ƙarshe ba, don ayar na iya ɓata adireshin. Galibi tana shafin farko na muƙalar, in ba ka gan ta ba shiga shafin Crossref, inda ake rajistar lambobin DOI, ka sa sunan muƙalar. Da yawa daga mujallun kwalejojinmu da na sassan jami'o'i, musamman tsofaffin fitowa, ba su da DOI kuma ba laifi ba ne, in a takarda ka karanta ka tsaya a lambar shafi, in a shafin mujallar na intanet ka samu sa adireshin. Abin da ba a yi shi ne ƙirƙiro lamba ko aro ta wata muƙala don jerin ya yi kyau.

Manufar ilimi ta ƙasa da sauran takardun gwamnati, wa zan sa a marubuci?

Hukumar da ta fitar da takardar. Ga kundin manufar ilimi ta ƙasa an saba sa Federal Republic of Nigeria, kuma tun da ya fara fitowa a 1977 an sabunta shi sau da dama, akwai na 1981, 1998, 2004 da bugu na 6 na 2013, saboda haka duba bangon wanda ke hannunka ka rubuta shekararsa da lambar bugunsa. Na sha ganin an ɗauko magana daga na 2004 an liƙa mata 2013 don a ce sabo ne, alhali lambobin sassan ba ɗaya ba ne. Hukumomi masu dogon suna irin UBEC, NCCE ko UNESCO, a ambaton farko rubuta cikakken suna tare da taƙaitawar, daga nan ka ci gaba da taƙaitawar, amma a manazarta cikakken suna ake sawa. In hukumar ita ce marubuciya kuma ita ta buga, ba sai ka maimaita sunanta a wurin maɗaba'a ba.

Kundin digiri da ba a buga ba yana shiga?

Yana shiga. Marubuci, shekara, sunan kundin da rubutun tsutsa, sai a cikin baka mai kusurwa ka nuna cewa kundin digiri na biyu ne ko na uku wanda ba a buga ba, sai sunan jami'ar, misali Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. In kuwa a rumbun jami'a na intanet ka sauke shi, to ya zama wanda aka wallafa, sunan jami'ar ya koma cikin bakar, ka ƙara sunan rumbun da adireshinsa. Shawarata dai kada kundaye su rinjayi manazartarka, in mai kundin ya fitar da muƙala daga ciki, muƙalar ta fi.

Ban ga asalin littafin ba, a aikin wani na ga an ambace shi. Zan iya sa shi kai tsaye?

A'a malam, don Allah kada ka yi. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a rubuce-rubucenmu. Sa aiki a manazarta shaida ce kake bayarwa cewa ka riƙe shi ka karanta, to yaya za ka yi shaidar abin da ba ka gani ba? Akwai shekarar da muƙalu uku suka zo hannuna daga mutane uku da ba su ma san juna ba, dukkansu sun ambaci jadawalin nan na Krejcie da Morgan, dukkansu sun juya baƙaƙen sunan Krejcie iri ɗaya, kuma duk sun sa shekarar da ba ita ba. Ka ga wani ne ya yi kuskuren a wani tsohon kundi aka yi ta gado. Muƙalar ta asali shafi huɗu ce kacal, 607 zuwa 610 a mujallar *Educational and Psychological Measurement* ta 1970, karanta ta ba zai ci maka rabin awa ba, kuma da ka karanta za ka fahimci dalilin da ya sa samfurin ke tsayawa wajen 384 komai yawan jama'a.

In ka nema iyakar ƙoƙarinka ba ka samu ba, akwai halastacciyar hanya. A cikin rubutu ka ambaci mai maganar ta asali da shekararsa, ka biyo da as cited in, ko "kamar yadda wane ya kawo" in da Hausa kake rubutu, sai sunan wanda ka karanta a wurinsa. A manazarta wanda ka karanta kaɗai zai fito. Mu da muka taso da ilimin isnadi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, wanda ka ji daga bakinsa shi kake faɗa.

Mutum ɗaya ya yi aiki biyu a shekara guda, ko kuma babu shekara ko suna sam?

A shekara guda ana bambanta su da ƙananan baƙaƙe, kuma sunan aikin ke yanke wanda zai zama "a" da wanda zai zama "b". Bandura a 1977 ya fitar da muƙalarsa mai farawa da Self-efficacy da kuma littafi mai farawa da Social, to tunda "Se" na gaban "So" muƙalar ce 1977a, littafin 1977b. In babu shekara sa n.d., wato "ba kwanan wata", a wurinta. In babu marubuci sunan aikin ya matso gaba ya tsaya a wurinsa. Amma kafin ka yi haka tambayi kanka, shafin intanet da ba suna ba kwanan wata, ya cancanci ka ɗora hujjar bincike a kansa?

Alƙur'ani da hadisi da littattafan malamanmu na jihadi fa?

A bugu na 7 littafin addini yana shiga manazarta kamar sauran littattafai, da sunansa ake farawa, sai mai tarjama in tarjama ka yi amfani da ita, da shekarar bugun da maɗaba'a. A cikin rubutu sura da aya ake nunawa ba lambar shafi ba, don shafi na canzawa daga bugu zuwa bugu. Hadisi ma haka, faɗi littafin da babin da lambar hadisin, kuma ka nuna bugun da ka duba don lambobin kan saɓa tsakanin bugu da bugu. Wasu mujallunmu sun fi son a bar Alƙur'ani a cikin rubutu kawai, sai ka duba ƙa'idarsu kamar yadda na ce a tambayar salo.

Ayyukan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u, masu rubutu kan tarihin ilimi a ƙasar nan ba su da makawa sai sun taɓa su. In bugaggen littafi ko tarjama ka karanta, ka rubuta editan ko mai tarjamar da shekarar bugun, in an san shekarar da aka wallafa na asali ka haɗa biyun da layi mai jirge, irin yadda ake yi wa (Vygotsky, 1934/1986). In rubutun hannu ne ka gani, faɗi inda yake ajiye, gidan adana kayan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ne ko Arewa House a Kaduna, da lambar da suka ba shi. Littafin da ke ɗauke da shekarar Hijira kaɗai kuma a yi hattara wurin juyawa, shekarar Hijira ɗaya kan ratsa biyu na Miladiyya, 1445 ta fara a Yulin 2023 ta ƙare a 2024.

Na yi hira da hedimasta da malaman allo, ina zan sa su?

Ya danganta. In suna cikin mutanen da ka yi bincike a kansu, maganarsu bayanan bincikenka ce, ba ta shiga manazarta, kuma ba ka faɗin sunansu, sai ka ce Malami na 3 ko Shugabar makaranta ta B. A halin tsaron da yankinmu ke ciki wannan ba ƙa'idar takarda kaɗai ba ce, malamin da ya gaya maka dalilin rufe makarantar ƙauyensu amana ya ba ka, ko sunan ƙauyen ma a yi tunani kafin a rubuta. In kuwa wani masani ne ka tuntuɓa don ƙarin bayani kuma ya yarda a ambace shi, to a cikin rubutu za ka sa baƙaƙen farkonsa da sunansa, ka nuna cewa tattaunawa ce ta kai tsaye, da cikakken kwanan wata. Ita ma ba ta zuwa manazarta don mai karatu ba shi da inda zai je ya same ta. Mujallun Hausa da na tarihi da yawa kan nemi jerin waɗanda aka yi hira da su daban, da shekarunsu da wurin hirar, in sun nema ka ba su.

Muƙalata da Turanci take amma na yi amfani da littafin Hausa ko na Larabci?

Rubuta sunan aikin da harshensa na asali, ka biyo da fassararsa a baka mai kusurwa. Na Larabci a mayar da shi baƙaƙen boko tukuna don ya shiga jerin abacada, kuma suna mai farawa da Al- a ƙarƙashin A yake zama in haka marubucin ke rubuta shi. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a bar su yadda suke, kuma ka duba su bayan ka mayar da fayil ɗin PDF don wani nau'in rubutun kan mayar da su akwati.

Maganar da na ɗauko doguwa ce, kuma Turnitin ya yi mata ja?

In ta kai kalma 40 fitar da ita sakin layi nata daban, ka tura ta ciki rabin inci, ba alamar zance, madogara da shafi su zo bayan ayar ƙarshe. Shi Turnitin, manhajar da ke kwatanta rubutunka da na wasu, kamanceceniya yake nunawa, ba hukuncin satar fasaha yake yankewa ba, kuma mai dubawa na iya cire manazarta da maganganun da ke cikin alamar zance daga lissafin. Amma canza kalma biyu-uku a jimlar wani ka bar ƙashin bayanta ba shi ne faɗa da bakinka ba. Rufe littafin, faɗa wa kanka ma'anar da Hausa, sannan ka rubuta, kuma duk da haka ka sa madogara.

Zotero da Mendeley da manhajojin AI za su iya yi mini aikin?

Zotero, manhajar adana manazarta da tsara ta, ina ba da shawararsa ƙwarai, kyauta ne, yana zama a kwamfutarka ko ba intanet, yana shiga cikin Word, kuma in ka ba shi DOI ko lambar ISBN ta littafi zai jawo bayanan da kansa, ranar da wata mujalla ta nemi wani salo dannawa ɗaya ce. Amma abin da ka zuba masa shi zai ba ka, sunan hukuma yakan yanka shi kamar sunan mutum sai ka gyara, manyan baƙaƙen suna ma haka. Maɓallin ɗauko madogara na Google Scholar yakan bar lambar fitowa ko DOI. Wanda ke cikin Word kuma duba da kyau, a yawancin kwamfutocinmu bugu na 6 ne.

Su kuwa ChatGPT da 'yan uwansa kada ka taɓa ce musu su kawo maka manazarta ka kwafa. Wani matashin malami ya kawo mini aiki, ayyuka biyar a jerinsa na neme su sama da ƙasa babu su a duniya, sunayen masana na gaske ne, sunan mujalla na gaske, amma muƙalun ba a taɓa rubuta su ba. Da na nuna masa jikinsa ya yi sanyi ƙwarai don bai yi niyyar ha'inci ba, ya ɗauka na'ura ba ta ƙarya. Koma ka karanta amsar tambayar "ban ga asalin littafin ba", hukuncinsu ɗaya.

Yaya zan tsara shafin manazarta a Word, kuma me zan duba kafin in aika?

Sabon shafi, kanun a tsakiya da baƙi mai kauri, ba lambobi ba ɗige-ɗige a gefe, kuma kada ka raba littattafai daban mujallu daban sai in an nema. Zaɓi jerin duka ka danna Ctrl da T, layin farko na kowane aiki zai tsaya a gefe sauran su shiga ciki rabin inci, Ctrl da 2 kuma ya ba ka tazarar layi biyu. Kada ka yi ta danna sarari da hannu, da an canza girman rubutu komai zai wargaje. Maɓallin A zuwa Z da ke sama zai jera maka su, sai dai ka bi da ido saboda sunaye masu Ɗ da Ƙ. Ayyukan mutum ɗaya daga tsoho zuwa sabo ake jera su.

Kafin ka aika, buga muƙalar a takarda ka samu abokin aiki ku zauna, kai kana karanto kowace madogara daga shafin farko, shi yana riƙe da manazarta da biro yana yi mata alama, yana duba rubutun suna da shekara. Abin da ka karanto bai samu ba ka ƙara shi, abin da ya rage ba alama ka cire shi. Teburi da bayanan ƙasansu ma a bi, nan madogara kan ɓuya. Daga nan ka koma kwamfuta ka danna kowane DOI ka ga ya buɗe muƙalar da kake nufi. In mujallar na ɓoye sunan marubuci ga masu bita, cire sunanka daga shafin farko da kuma bayanan fayil ɗin, inda ka ambaci aikinka na baya kuma ka bi yadda ƙa'idarsu ta ce a rufe shi, in an karɓi muƙalar sai ka mayar.